Tayin da Ya Raba Ni da Arfa

Tun da na dawo daga gabas ban sha furar la'asar cikin natsuwa ba. Da na zauna a zaure sai wani ya yi sallama, a gaisa, a tambayi gajiya da iyali da amfanin gona, sa'an nan ya gyara zama ya ce, "To Malam, yaya abin ya faru?" Na ba da labarin nan har ya fara tsami a bakina. Na kuma lura duk wanda na ba wa, in ya fita sai ya ƙara masa gishiri, ya mai da ni waliyyi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya zo neman labarin Makka kuwa ya yi haƙuri ya zarce gaba, gida na huɗu daga masallaci, mai sabon shafen farar ƙasa. Can Alhaji Tanko yake. Ni iyakata Hartum.

Alhaji Tanko ɗan kawuna ne, taubashina, kuma sa'ana. Har yanzu alƙalamina sai ya yi tuntuɓe kafin ya rubuta kalmar farko ta sunan nan. Tare muka yi kiwon awaki a Indabo. Da aka zo ɗibar yara makarantar boko, shi aka ɓoye a rumbu, ni aka bayar. Na zama malamin makaranta a Wudil, ina nuna wa yara Bahar Maliya a taswira da tsinken sanda. Shi ya zama dillalin shanu a kara, yana ƙulla ciniki da yatsu cikin hannun riga. Ya fi ni kuɗi, na fi shi Turanci, yana kirana bawansa, ina kiransa nawa, da haka muka zauna lafiya shekara da shekaru.

Shekara tara na yi ina tara kuɗin kujerar jirgin sama zuwa aikin hajji. Na yi adashi, na sayar da kekena, na daina ɗinka riga da salla. Ina so in zama na farko a danginmu da ya je ya dawo cikin wata guda, ba irin tafiyar kakanninmu ba ta ƙasa, wadda ake raba gado kafin a tashi. Saura mako uku Tanko ya ji labari a bakin matata. Ya ce, "Af, ashe bawana zai riga ubangidansa?" Abin da na tara a shekara tara, ya haɗa shi a Juma'a biyu.

Ranar da muka tashi an wayi gari da ruwa. Direban lorin abokin cinikin Tanko ne, saboda haka shi aka ba gidan gaba, ni na hau bisa buhun gero rungume da akwatina na ƙarfe. A hanya mai gadin shingen damina ya tsare mu, ya ce sai ƙasa ta sha iska, muka yi rabin yini muna kallon gonar dawa. A Kano muka sauka Fagge, gidan wani fatoma da Tanko ke aika wa baƙi. Aka ba Tanko ɗaki mai gado, ni aka shimfiɗa mini tabarma da girmamawa mai yawa. Kwana biyar muka yi ana yi mana allurar shawara da lambar agana, ana ɗaukar hoto, ana buga hatimi a kan hatimi.

A ofishin wakilin jirgi wani akawu ya kama ni, siririn mutum mai taye, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya dubi alƙalamin da ke aljihuna ya ce, "Malam, kai da ka san inda duniya ta dosa, ba za ka yanki inshora ba?" Ya ce wani kamfani ne dabam, shi ke riƙe musu tebur a ɗaki na gaba. Ka ba su fam biyu, in tafiya ta lalace su mayar maka da kuɗin kujerarka.

Tanko ya ce, "Wato in jirgin ya faɗo, su ne za su tare shi da hannu?"

Na ce, "Kai dai yi shiru, bawana. Wannan tsari ne na masu wayewar kai."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni tawa inshorar tun da asuba na karanta ta."

Na karanta takardar tun daga sama har ƙananan rubutun ƙasa, irin waɗanda sai an kai su bakin taga. Ga abin da ta ce in an mai da ita Hausa: in an soke tashin jirgi, har matafiyi ya rasa aikin hajji ba da zaɓinsa ba, kamfani zai biya. Na ja layi da jan alƙalami ƙarƙashin maganar sokewa. Ban ja ƙarƙashin maganar zaɓi ba, don ban ga mahaukacin da zai zaɓi rasa Arfa ba.

Kafin mu shiga jirgi sai da aka auna mu a sikeli ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gyaɗa. Na daɗe ina koya wa yara yadda iska ke ɗaukar fiffike, amma da jirgin ya yunƙura hanjina bai yarda da ko ɗaya cikin darussan nan ba. Tun daga Kano har iyakar Sudan kaina na cikin jakar takarda. Tanko kuwa ya manna goshi a taga, yana ƙirga shanun mutane daga sama yana yi musu kuɗi.

A Janaina muka fara sauka, nan ce ƙofar Sudan. Kafin a buɗe mana wani ya shigo ya feshe mu da maganin sauro kamar ɗakin da aka daɗe ba a kwana ba. Ma'aikacin iyaka ya karɓi takardunmu yana kiranmu Takari, haka suke ce wa duk mutumin yamma. Na ga dama ta samu, na gaishe shi da Larabcin littafi, da wasulla cikakku. Ya saurara har na kai aya, ya juya ya ce wa abokinsa wannan huɗuba yake yi. Tanko ya matso da guntun Larabcin da ya tsinta wurin Shuwa masu shanu, kalma goma ba ta cika ba, rabinsu kuma sunayen bijimai ne. Kafin in mayar da fasfona aljihu har an kawo masa shayi.

A Hartum za mu canja jirgi zuwa Jidda. Aka zuba mu a wata rumfar kwano kusa da filin, cikin zafin da ya sa na yafe wa bazarar Wudil duk abin da na taɓa faɗa a kanta. Da gari ya waye wakilin jirgi ya zo ya ce an soke tashi, inji ɗaya ya ƙi. Ni aka sa tafinta, don ni kaɗai ke jin Turanci sosai. Na fassara wa jama'a, na kuma taɓa aljihun da takardar inshora ke ciki, na dubi Tanko. Bai ma lura ba, yana cinikin kankana.

Abincinsu kisra, wata irin waina ce ta dawa, faɗinta kamar faifai, kaurinta kamar takardar jarrabawa, ana ci da miyar busasshiyar kuɓewa. Da safe kuma wani ƙaton wake ne da ake zuba wa mai a dangwala da burodi. In za su gaisa sai kowa ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa kafin a yi musafaha, gaisuwar kuma ba ta kai rabin tamu tsawo ba. Ba wanda ya tambaye ni gajiya, ga ta kuwa fal.

Mai sayar mana da shayi wani dattijo ne, Baba Adamu. Ya ji muna Hausa ya ce, "Mutanen ina?" Da muka ce Wudil sai ya ajiye buta ya zauna a ƙasa. Mutumin Lajawa ne. Ya bar gida da jaki za shi Makka shekara talatin da suka wuce, ya tsaya noman auduga don ƙarin guzuri, ya yi aure, 'ya'ya suka zo. Ya tambaye mu mutanen da tun muna yara aka binne su. Na ce, "To Baba, ka fasa ke nan?"

Ya ce, "Wa ya fasa? Ai ina kan hanya. Baɗi in Allah ya yarda."

Shi ya gargaɗe mu cewa a ƙasar nan in an yi maka tayin abinci kada ka ce ka ƙoshi. Ban ji ba sai da na gwada. Wani mai shago yana cin abinci ya kira ni, na dafa ƙirji na ce alhamdu lillahi, yadda aka yi mini tarbiyya. Mutumin ya miƙe ya kama wuyan hannuna, ya rantse da igiyar aurensa sai na ci. Na ci don kada in kashe wa baiwar Allah aure. Da muka koma rumfa na yi wa Tanko bayanin bambancin. Na ce a gida tayi ado ne, kamar aikin zare a gaban riga. Mai yi ya san ba za a karɓa ba, wanda aka yi wa ya san ba a so ya karɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Na kawo misalai. Ya saurara da kyau. Ban taɓa samun ɗalibin da ya riƙe darasi irinsa ba.

Filin Jidda ana rufe shi ga maniyyata 'yan kwanaki kafin Arfa, kuma a kwana na huɗu da zamanmu lokacin ya kusa ƙurewa. Wakilin ya zo ya ce an samo wani jirgi, amma ƙarami ne, ba zai ɗauke mu duka ba. Za a bi jerin waɗanda suka fara biya a Kano, sauran kuma wani jirgin na zuwa jibi. Ya ba ni takardar in kira sunaye. Nawa shi ne na bakwai. Tanko, wanda ya biya a ƙarshe, babu nasa.

Na gama kira na naɗe takarda. Tanko na tsaye gefena, ya riga ya ɗaure kaya, har ya fito da haraminsa ya rataya a kafaɗa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko shekarar da ciwon bushiya ya shiga masa garke. Mutane kuma sun zuba mana ido, kowa ya san ɗan kawuna ne. Zan faɗi gaskiya tun da don ita na ɗauki alƙalami: cikin raina akwai wani ɗan daɗi. Karo na farko tun Indabo na riga shi wani abu. Daɗin nan ne ma ya sa na ga ya kamata in lulluɓe shi da kara. Wane ɗan halas ne zai sa katin kujera a aljihu ya wuce ɗan'uwansa bai ce uffan ba?

Na miƙa katin, ba ma sosai ba, iyakar gwiwar hannu. Na ce, "Tanko, ko ka karɓi tawa?"

Amsar kowa ya san ta. Haba Malam, Allah ya sawwaƙe, tafi ka yi mana addu'a. Har na shirya abin da zan ce bayanta.

Tanko ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya ce, "Allah ya saka maka da Aljanna, ɗan gwaggo."

Rumfa ta ɗauki kabbara. Wani tsoho ya rungume ni yana hawaye a kan rigata. Wakilin ya tambaye ni da Turanci ko da yardata na bar wa mutumin nan kujerata. Idon jama'a duka na kaina. Na ce e. Ya ce in sa hannu, na sa, da alƙalamina, da rubutun nan nawa da masu duba makarantu ke yabawa. Da suka isa bakin jirgi Tanko ya tsaya a gindin matakala ya juyo ya daɗe yana dubana. Na ɗaga masa hannu, har da murmushi.

Jirgin jibi bai zo ba. Bai zo gata ba, bai zo citta ba, aka rufe Jidda. Ranar Arfa ina zaune a rumfar Baba Adamu ina lissafin sa'o'i. Yanzu sun tsaya. Yanzu Tanko ya ɗaga hannu, ko me yake roƙo da Larabcin bijimai. Na yi istigfari, hassadar ta koma gefe ta jira na gama ta dawo mazauninta. Baba Adamu ya zuba mini shayi ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Ni ma da kwana biyu na fara." Ban taɓa jin lallashin da ya tsorata ni irin wannan ba.

Sama da wata guda na yi a gidansa, na ci naman layyarsa, ina rubuta wa 'yan'uwanmu mazauna can wasiƙu zuwa gida suna ba ni abin shayi. Da jirgin da ya kwaso alhazai ya biyo ta Hartum ya ɗauke mu, mu da aka bari, gurbi ɗaya na samu, kusa da wani mai farar jallabiya da makawiya. Ya juyo ya yi murmushi, rana ta fito daga bakinsa. Tanko ne, haƙorin zinariya ya sa. Tun daga Hartum har Kano yana ba ni labarin Ka'aba, wurin da na zana a allo ya fi sau ɗari, yana gyara mini kuskure.

A Wudil tun daga gada aka tare mu. Ana rungumar Tanko, ana shafa rigarsa, mata na miƙo jarirai ya tofa musu addu'a. Ni ina baya riƙe da akwati, mutane ba su san gaisuwar da za su yi mini ba, barka ko jaje. Sai Tanko ya ɗaga hannu ya ba da labarin kujera. Daga ranar na shiga uku. Liman ya kawo misali da ni a wa'azi. Tsofaffi suka ce ladana ya fi na waɗanda suka je. Matata, wadda ta riga ta ɗinka zanen matar Alhaji, ta ninke shi ta sa a ƙasan adaka. Tanko ya aiko mini da dabino, da zamzam a ƙaramin gwangwani, da hula. Hular ta yi mini kaɗan.

Abin da ya rage mini takardar inshora ce. In sun biya, baɗi in tafi. In ba su biya ba, sai wata shekara tara, ga shi gemuna ya fara fari. Na rubuta musu wasiƙa da Turancin da nake ajiye wa ranar baƙi. Amsa ta zo layi uku: suna baƙin cikin sanar da ni cewa an soke jirgi, gaskiya ne, amma an ba ni kujera a wani, na bayar da ita da zaɓina, ga sa hannuna. A makon nan na ji wani ma'aji da muka zauna tare a Hartum, wanda shi ma ya yanki inshora, an biya shi kuɗinsa cas. Bai fi ni komai ba, illa dai ba shi da ɗan kawu.

Na sake rubutawa, shafi huɗu, na bayyana musu mene ne tayi. Na ce a ƙasar Hausa wanda ya ce bismilla bai bayar ba, gaisuwa ya yi. Na ce sa hannun da aka yi gaban jama'a masu kabbara ba zaɓi ba ne. Amsa ta dawo, layi ukun nan dai, an ƙara guda: in ina da shaida in kawo ta ofis, babbansu zai saurare ni.

Shaida ɗaya gare ni, tana gida na huɗu daga masallaci. Kwana uku ina juya abin. In na je, na tona wa kaina asiri ke nan, waliyyin Wudil ya koma mai tayin baka. In ban je ba, in ci yabo in ƙoshi, kujera kuwa ta tafi. Na auna na ga yabon da ba nawa ba ne ba zai kai ni ko Janaina ba. Na sa takalmi.

Na same shi a zaure bisa darduma, mutane kewaye. Da suka watse na ce, "Tanko."

Ya ce, "Alhaji dai, bawana. Bakinka zai saba."

Na ce, "Alhaji, za ka raka ni Kano ka yi mini shaida."

Ya ce, "In dai gaskiya ce, ko Legas ne. Ka san yanzu ban yin ƙarya, ban cika kwana arba'in da dawowa ba."

Muka sami akawun nan mai taye yana cin gyaɗa a takarda. Ya ɗago ya ce, "Bismilla." Muka ce alhamdu lillahi. Ya shigar da mu wurin babbansu, wani Bature mai jan wuya da lofe a baki, ya tsaya yana yi wa Tanko tafinta. Na jera hujjojina. Da na ga Baturen bai kama zaren ba sai na nuna akawun na ce, "Ranka ya daɗe, yanzun nan mutumin nan ya yi mana tayin gyaɗarsa. Tambaye shi, da na ɗauke takardar na juye a aljihu, zai ce ya ba ni?"

Akawun ya yi dariya har taye na rawa. Ya ce, "Gaskiya, ranka ya daɗe, da sai in ce an yi mini fashi."

Baturen ya cire lofe. Ya ce abin da ban sha'awa, har ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa. Na ji kujera ta fara matsowa. Sai ya juya ga Tanko ya ce a tambaye shi, da ya karɓi katin, ya san ba da gaske aka miƙa masa ba?

Tanko ya ce, "Na sani."

Na juyo na dube shi. Bai kauda kai ba. Ya ce, "Tun muna yara yake mini tayi ina cewa alhamdu lillahi. Amma a kan tuwo ake faɗin haka, don an ƙoshi. Ran nan ƙofar ɗakin Allah na gani a hannunsa. Ban ƙoshi ba, ranka ya daɗe. In ce na ƙoshi?"

Baturen ya ce, to bayan nan Malam ya nemi a mayar masa?

"Bai nema ba."

Da ya nema fa?

"Da na ba shi. Na tsaya a gindin matakala ina jira ya ce Tanko dawo, har aka turo ni daga baya. Sai na ga yana ɗaga mini hannu yana dariya."

Baturen ya mayar da lofe. Ya ce ya yarda ban yi niyyar bayarwa ba, ya kuma yarda al'ada ce mai kyau. Amma kujerar tana hannuna har jirgi ya rufe ƙofa, kalma ɗaya ta isa ta dawo da ita, ni na zaɓi in riƙe kalmar. Kamfaninsu ya ɗauki lamunin inji da iska, bai ɗauki lamunin kunya ba. Da yaro ne ya kawo mini wannan amsa a aji, da ban ce ya yi kuskure ba.

Da muka miƙe ya jawo aljihun tebur ya fito da fam biyu. Ya ce ba hakkina ba ne, amma don wahalar da na sha, ga kuɗin da na yanki takardar. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "A'a, haba, ranka ya daɗe, bar shi." Ya ce to, ya mayar, ya tura aljihun tebur. Ƙarar rufewar nan har yau ina jinta. Akawun ya dubi rufi.

A lorin komawa Tanko ya ƙi gidan gaba, ya hawo baya ya zauna kusa da ni a kan benci. Muka wuce shinge. Cikin motar akwai mahauta biyu na garinmu, da wani mai awo, da ladanin unguwarmu, duk sun san inda muka je, duk suna jira. Tanko ya ga idanu sun yi masa yawa. Na san yanayin, na taɓa tsayawa a cikinsa. Ya yi gyaran murya, haƙorin ya ƙyalla, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam, abin nan ya dame ni. Ko baɗi in biya maka kujera?"

Na ji a'a ta taso daga cikina kamar shaƙuwa, ta iso maƙogwaro, da haba a bayanta. Na tuna Baba Adamu da butarsa. Na haɗiye su duka biyu.

Na ce, "Na karɓa. Allah ya saka maka da Aljanna, ɗan kawu."

Ladan ya yi kabbara, mahauta suka amsa. Na zaro alƙalami, na juya bayan takardar inshora, wadda a ƙarshe ta yi amfani, na rubuta alkawarin da ajami don ya iya karantawa, na miƙa masa ya sa hannu, ladan ya sa nasa a ƙasa.

Muka hau gada, ruwa ya cika kogi har yana taɓa gonakin bakin gaɓa. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Bawana, ai tayi na yi."

Na ce, "Na sani."

To, masu tambaya, iyakar labarin ke nan. Ban yi kyauta a Hartum ba, kunya na ji, a daina sa ni a wa'azi. Bijimai biyu na ɗaure a gidan Alhaji ana yi musu kiwo da sunana, kullum in zan tafi makaranta nakan leƙa in ga ko suna cin dusa. Abu ɗaya ne ba inshorar da za ta gyara shi: ko na je sau goma, ya riga ni da shekara guda, kuma na san shi, ba zai bari in manta ba.